A Yi Lissafi Kafin A Sayi Allon Rana

Muna gaida ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci, maza da mata, tare da malamansu. Muna gaida masu garka na Gamkalley, a bakin kogin Isa, nan birnin Yamai, masu ciyar da mu da salati, da shu, da karoti, da tumatir, da zogale. Maganarmu ta yau ta shafe su, ta kuma shafi duk mai gona ko garka inda wayar Nigelec ba ta kai ba.

Kowa ya ɗauko kaye da bik. Yau akwai lissafi.

Kun san allon rana, wanda a kasuwa ake ce ma fano. Shi ne baƙin farantin nan da ke mai da hasken rana wutar lantarki. A da sai gwamnati da masu hali ke iya sayensa. Daga 2010 zuwa 2020 kuɗinsa ya faɗi ƙwarai a duniya, har ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa na da. Yanzu ga shi nan jibge a kasuwa. Kuma tun da Najeriya ta yanke wutar da take aiko ma Nijar a watan Agusta na 2023, mutane da yawa suka juya gare shi.

Aikin rana kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1965 aka kafa ma'aikatar ONERSOL a Yamai don binciken ƙarfin rana. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, ya daɗe yana shugabancinta. Ya rasu a 1991, kuma sunansa aka sa ma jami'ar Yamai. A 2018 an buɗe tashar wutar rana a Malbaza mai megawat 7. A 2023 aka kunna ta Gorou Banda, can ƙetaren kogi, mai megawat 30. Megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ne. Injiniyoyin da suka gina waɗannan tashoshi, kafin su kafa ƙarfe ko ɗaya, sai da suka zauna suka auna bukata. Mai garka ma haka ya kamata ya yi.

Ga abin da ke faruwa in ba a auna ba. Mutum ya je kanti ya ce, "Ba ni fano mai kyau da famfo." Mai kanti ya ba shi abin da ke akwai. In ya yi kaɗan, ruwa ba zai isa ba, shuka ta ƙone a watan Afrilu, kuɗi sun tafi. In ya yi yawa, ya biya kuɗin abin da ba ya amfani da shi, wataƙila da bashi. Mai kanti bai san garkarka ba. Bai san faɗinta ba, bai san zurfin rijiyarka ba. Kai ka sani. Don haka lissafin yana faruwa ne a garka, kafin a tafi kasuwa.

Mu fara da ruwa, don shi ne babban aiki.

Tambaya ta farko: faɗin garkar nawa ne? Ka samu igiya, ka auna ta da mita, ka ɗaura ƙulli a kowace mita. Ka auna tsawo, ka auna faɗi. Wurin da aka shuka kawai za ka auna. Hanya, da bukka, da gindin mangwaro ba sa ciki. A misalinmu, a ce tsawon garkar mita 40 ne, faɗinta mita 25. Ku rubuta:

40 sau 25 = 1000

Wato murabba'in mita 1000. Murabba'in mita shi ne fili mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, kamar ƴar ƙaramar tabarma.

Tambaya ta biyu: lita nawa kowace ƴar tabarmar nan ke sha a yini? Wannan yana canzawa da lokaci. Da ɗari, a Disamba da Janairu, kayan lambu na shan wajen lita 5 zuwa 6. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, sai lita 8, wani lokaci har 10. A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Suna sayen kaya da ɗari, su ga ruwa ya wadata, su yi murna. Bazara na zuwa sai famfo ya kasa. Lokacin da ya fi wuya shi ake aunawa. Mu ɗauki lita 8. Ku rubuta:

1000 sau 8 = lita 8000 a yini

Lita 8000 nawa ne a ido? Tano 40 ne, irin mai cin lita 200. In da arozuwar mai lita 10 ne, cikawa 800 ke nan. Wanda ya taɓa yin ban-ruwa da hannu daga kogi, kafaɗarsa ta san wannan lamba.

Masu sayar da famfo suna ƙirga ruwa da mita-kib. Mita-kib ɗaya lita 1000 ne, wato tano 5. To lita 8000 mita-kib 8 ne. Ku rubuta 8, ku zagaye ta. Ita ce lambarmu ta farko.

Tambaya ta uku ita ce wadda aka fi mantawa: mita nawa ruwan zai hau? Famfo ba ya gajiya da nisa kamar yadda yake gajiya da hawa. Ɗaga tano ɗaya mita 20 ya ninka wahalar ɗaga shi mita 10. Ana aunawa daga fuskar ruwa har zuwa bakin tankin da za a zuba.

Mutanen Gamkalley, ku kula da nan. Kogin Isa ba wuri ɗaya yake tsayawa ba. A Agusta da Satumba jan ruwa na damina yana cika shi. Sa'an nan ruwan da ya taso daga Gini yana isowa, kogi ya sake cika wajen Janairu. Daga nan sai ya yi ta janyewa, har Mayu da Yuni ya yi ƙasa sarai. Dattawa sun tuna 1985, shekarar da kogin ya daina gudu a Yamai. To ga shi lokacin da shuka ta fi ƙishirwa shi ne lokacin da ruwa ya fi nisa. Rijiya ma haka take. Kada ka auna rijiyarka da sassafe tana cike. Ka auna ta da bazara, bayan an jima ana ja, ruwan ya sauka.

A misalinmu, a ce daga fuskar ruwa zuwa doron ƙasa mita 7 ne. Tanki yana bisa, mita 3. Sai a ƙara mita 2 saboda gogar ruwa a cikin tiyo, don tiyo mai tsawo ko siriri yana cinye ƙarfin famfo. Ku rubuta:

7 + 3 + 2 = mita 12

Ku zagaye 12. Lamba ta biyu ke nan.

Yanzu ga ƙa'idar. Ku rubuta ta da manyan baƙaƙe, ku hardace ta:

MITA-KIB sau MITA NA HAWA sau 2 = WAT NA ALLO

Wani zai ce, daga ina 2 ɗin nan ta fito? Tambaya ce mai kyau. Masana sun auna cewa ɗaga mita-kib ɗaya zuwa mita ɗaya yana cin ƙarfi kaɗan ƙasa da wat-awa 3. Amma ƙaramin famfo ba ya mai da duk wutar da ya sha ta zama aiki. Fiye da rabi yana ɓacewa. Allon ma zafi da ƙura suna rage masa wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Rana kuma, ko da tana yini a sama, ƙarfinta na safe da na marece kaɗan ne. In aka tara hasken yini duka a Yamai, yana kai kamar awa 5 zuwa 6 na rana tsaka. Mu muna ɗaukar 5 don kada mu ruɗi kanmu. In aka haɗa duk waɗannan, lissafin yana faɗawa kusa da 2. Ba sai kun riƙe dalilin duka ba. Ku riƙe 2 ɗin.

To mu gwada:

8 sau 12 = 96
96 sau 2 = wat 192

Ba a sayar da allo mai wat 192. Kullum sama ake hawa, ba a sauka ƙasa. Allo mai wat 250 ko 300 zai yi wannan aiki da sauran numfashi.

Yanzu ku dubi wani manomi, can tudu, nesa da kogi. Garkarsa daidai take da ta farko, ruwan da yake so mita-kib 8 ne shi ma. Amma rijiyarsa ta burtsatse ce, hawan duka mita 40 ne.

8 sau 40 sau 2 = wat 640

Kun gani? Fili ɗaya, shuka ɗaya, amma allon ya ninka fiye da sau uku. Shi ya sa ba a kwaikwayon maƙwabci ido rufe. Abin da ya ishi ɗan'uwanka a bakin kogi ba zai ishe ka ba a tudu.

Shi kansa famfon fa? Ana zaɓensa da lamba biyu: ruwan da yake turawa a awa, da hawan da yake iyawa. Mu raba lita 8000 gida 5, don awa 5 na rana mai ƙarfi. Ya ba mu lita 1600 a awa. To abin da za ka faɗa ma mai kanti shi ne: "Malam, ina son famfo mai ba da lita 1600 a awa, a hawan mita 12." Ka faɗi lambobin biyu tare. A jikin kwali sukan rubuta ruwa mafi yawa da hawa mafi tsawo, amma famfo ba ya yin su a lokaci ɗaya. Yana ba da ruwa mafi yawa ne in babu hawa. In ya kai ƙarshen hawansa, ɗigo kawai yake yi. Ka ce a nuna maka takardar famfon, a nemo layin mita 12, a karanta tare. Takardar za ta kuma faɗi wat da bolt na allon da famfon ke so. In takarda ta nemi allo fiye da abin da lissafinka ya ba ka, ka bi takarda.

Ranar da aka haɗa kayan, kada ka cika kuɗin mai haɗi sai ka gwada. Da rana tsaka ka tara jarka mai lita 20 a bakin tanki, ka duba agogon wayarka. In ta cika cikin daƙiƙa 45, wato ƙasa da minti ɗaya, famfon yana ba da lita 1600 a awa. In sai ta yi minti biyu, akwai magana.

Mai rijiya kuma ya tambayi kansa: rijiyata tana iya ba da lita 1600 a awa? In ba ta iyawa, babban famfo zai ƙafar da ita, ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Gara ƙaramin famfo mai ja a hankali tun safe har la'asar.

Wani zai ce, ba ku ambaci batir ba. Da gangan ne. Famfon garka ba ya bukatar batir. Tanki shi ne batir ɗinsa. Rana ta fito, famfo ya cika tanki ko kwarmin siminti. Da marece ko da asuba ka buɗe, ruwa ya gangaro da kansa. Tanki yana shekaru masu yawa, batir kuwa yana mutuwa a sake saye. A ganina, kuɗin batir na famfo gara a zuba su cikin babban tanki mai ɗaukar ruwan yini guda.

Mu huta da ruwa, mu shiga bukka. Mai gadin garka, ko iyalin da ke zaune a gona, suna son fitila da dare, da cajin waya, da fanka. Nan kam sai da batir, don da dare ake amfani da wutar.

A jikin kowane kayan wuta akwai lamba da harafin W a gefenta. W ɗin nan shi ne wat. Ku da kuka koyi baƙaƙe, ga ranar amfaninsu. Ka juya ƙwan fitila, ka karanta. Ka juya fanka, ka karanta. Sa'an nan ka ninka wat da yawan awannin da kayan ke aiki. Abin da ya fito shi ake kira wat-awa. Wat kamar faɗin bakin buta ne, wat-awa kuwa ruwan da ya zuba ke nan.

Ƙwan fitila 3, kowane wat 5, awa 6: 3 sau 5 sau 6 = 90
Waya 3, cajin kowace wajen wat-awa 10: 3 sau 10 = 30
Fanka 1 mai wat 30, awa 6: 30 sau 6 = 180
Jimla: wat-awa 300 a yini

Ku lura, fanka ɗaya ta ci ninkin abin da fitilu uku suka ci.

Don samun girman allo, a raba 300 gida 5, awannin rana. Ya ba da 60. A ƙara rabin 60, wato 30, saboda zafi da ƙura da asarar batir da ta waya. Ya zama 90. A hau sama: allo mai wat 100. A bayan allo akwai takarda manne. In da Faransanci ne za ka ga Wc, in da Ingilishi ne za ka ga Wp. Duk abu ɗaya suke nufi. Ka karanta da idonka. Kuma in ka ga ɗan ƙaramin allo an rubuta masa lamba irin ta babba, ka yi shakka. Allo mai wat 100 na gaskiya yana kai wajen rabin murabba'in mita.

Batir kuma ana ƙirga shi da haruffa biyu, A babba da h ƙarama: Ah. Ƙananan kaya na gida bolt 12 suke, za ka ga an rubuta 12V. A raba 300 gida 12, ya ba da 25. Amma batir mai dalma ba a shanye shi duka. Rabi ake sha, a bar rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. To a ninka 25 sau 2, ya zama 50. Akwai kuma ranar hadari a Agusta, da ranar da hazo ya rufe gari. Don a samu ajiyar kwana biyu, a sake ninkawa: 100Ah. Batir ɗin litiyom ya fi tsada, amma ana iya shan kashi 8 cikin 10 nasa, ya kuma fi daɗewa. Batir ɗin mota kuwa ba don wannan aiki aka yi shi ba. An yi shi ne ya tada inji nan take, a sake cika shi. In ana shanye shi kowane dare, ba ya jimawa.

Tsakanin allo da batir dole a sa ɗan akwatin nan da ake kira regilata. Shi ke hana batir cika fiye da kima, ya kuma hana a tatse shi sarai. Allo mai wat 100 yana turo wajen amfa 6, don haka regilata mai 10A ya isa. Wasu suna cire shi don tsimi, su haɗa allo da batir kai tsaye. Tsimin nan batir yake ci. Batir kuma a ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da yara. Zafi yana rage masa kwana.

Ranar da uwargida ta ce tana son firji don sayar da ruwan sanyi, a sake zama da kaye. Ƙaramin firji a zafin Yamai yana iya cin wat-awa 1000 a yini, fiye da ninki uku na duk abin da muka lissafa. Dutsen guga na lantarki kuwa wat 1000 yake ja a lokaci ɗaya. Kada a jona shi ma.

Sauran wurin kafawa. Mu a Yamai muna arewa da tsakiyar duniya, don haka allo kudu yake kallo. Ka fuskanci gabas, hannunka na dama shi ne kudu. A ɗan jingina shi, kamar digiri 15. In tsawon allon mita 1 ne, a ɗaga gefen arewa santimita 25, wato taƙi ɗaya da ƴan kai. Kada inuwa ta taɓa shi daga hantsi zuwa la'asar. Ƙananan gidajen da ke cikin allo a jere suke kamar ƴan guga masu miƙa ma juna ruwa. In reshen mangwaro ya rufe kaɗan daga ciki, aikin duka ya ja baya. A bar sarari a ƙarƙashinsa iska ta wuce, don allo haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi. Da hunturu a goge shi da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi duk bayan kwana biyu ko uku, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Masu garka na bakin kogi ba su manta ambaliyar 2012 da ta 2020 ba. Ku dubi inda ruwa ya tsaya a jikin itace ko bango a waɗannan shekaru. Ƙafafun allo da akwatin famfo su wuce wannan alama. A kuma sa mai walda ya kama allon cikin ƙarfe, saboda masu dogon hannu.

Ga aikin gida. Wata mata tana da garka mai tsawon mita 30, faɗin mita 20. Tana ba kowane murabba'in mita lita 8. Daga fuskar ruwa zuwa bakin tanki, har da ƙarin tiyo, mita 10 ne. Lita nawa take bukata a yini? Tano nawa ke nan? In an ɗauki ruwan a matsayin mita-kib 5, allo mai wat nawa lissafi ya ba ta? Ku yi shi a cibiya tare da malaminku. Wanda ya gama, ya ɗauki igiya ya auna tasa garkar, ya kawo lambobin aji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.